Kyanwa ta yi magana, kun ce ƙarya ce

Na san za ku taɓe baki, ku manyan fada masu jiran shayi na uku. To ku taɓe, ai bakinku ne. A Japan dai akwai wani wasan tele na yara, Sailor Moon, da aka fara nunawa ran 4 ga Oktoban 2003, duk Asabar da safe, har kashi 49, aka rufe a Satumban 2004. Labarin wata 'yar lakwal ce, Usagi, mai shekara 14, ga barcin tsiya ga faɗuwa jarrabawa. Kwatsam wata kyanwa mai jinjirin wata a goshi ta faɗo mata, ta buɗe baki ta ce Usagi aka zaɓa ta yaƙi dodanni.

Har na jiyo Alhaji daga Babbar Kasuwa yana salati: kyanwa da magana? Haba Alhaji! Kai da ka tashi a gindin kaka, Gizo yana ta zuba da tsamin bakinsa, ya damfari kura, ya damfari giwa, ka taɓa tambayar wa ya koya masa Hausa? Ranar da Dodo ya biyo marainiya, wa ya ƙi fita fitsari sai da rakiya?

Ku kuwa Gobirawan Tibiri, shiru ya fi muku. A fadarku Inna take, macen da sha'anin bori ke hannunta tun kaka da kakanni, sannan ku ce ba ku taɓa jin mace mai faɗa da abin ɓoye ba? Mu ma Katsinawan Maraɗi ban wanke mu ba. Tun da ɗan kokawarmu Kantu ya ɗauko takobin farko a Tawa a 1975 muke cika filin kokowa, ƙato ya shigo ɗaure da layu har gwiwa, ya tsiyaya ruwan kwalba a ka, ya zana ƙasa da yatsa, mu kuma muna kururuwa. Amma yarinya ta ɗaga sanda mai walƙiya, sai ku ce shirme.

Abin da ya burge ni daban ne. Labarin nan a takarda Naoko Takeuchi ta fara zana shi a ƙarshen 1991, ya zama katun daga 1992 zuwa 1997, kashi 200. A zane komai araha ne: gashi har ƙasa, tsalle har gajimare, tawada kawai za ta ƙare. Da kamfanin Toei ya ce sai 'yan Adam sun yi shi, nan aka ga aiki. Usagi da ƙawayenta da baƙin gashinsu suke zuwa aji, in za a rikiɗa sai a ɗora musu gashin kanti, wannan rawaya, waccan shuɗi. Dodon ƙato ne cikin rigar roba, yana zufa. Kyanwar kuwa, a yawancin wurare, 'yar tsana ce ta auduga da ake motsawa, wani lokaci a ƙarasa ta da kwamfuta.

Za ku ce ashe yaudarar yara ake yi. Yara sun fi ku gani, Malam. Kamar tashe ne: kowa ya san ɗan maƙwabci ne ya manna gemun auduga ya duƙa a kan sanda, amma tsoho za a kira shi, a kuma ba shi hatsi. Marubuciyar wasan, Yasuko Kobayashi, ba ta ɗauki yaran wawaye ba. Ta sa wa ɗaya daga cikin jaruman, Minako mawaƙiya, ciwon da ta ɓoye wa ƙawayenta, kuma gab da ƙarshe ta mutu. A wasan safe na yara fa! Daga baya an dawo da ita, ban musa ba, amma sai da aka sha kuka.

Mutanen Jiratawa, na san tambayarku, don manomin zogala ba ya ban ruwa a banza: me ake ci a ciki? Sandar nan da kuke wa dariya Bandai ya ƙera ta, iyaye suka saya. Keiko Kitagawa, da ta fito a matsayin Rei, ɗaya daga cikin jaruman, daga nan ta zama cikin manyan taurarin ƙasarsu.

Mu fa? Sarauniya Mangu da ta tari Faransawa a Lugu a 1899, Abdoulaye Mamani ya rubuta ta a 1980, Med Hondo ya mai da ita fim a 1986, amma a Burkina Faso aka ɗauka. Gizo da Ƙoƙi har yau suna jiran Alhajin da zai rage kuɗin tirela ɗaya. Rigar Dodo telan unguwa zai ɗinka. Mai fitowa a Gizo kuwa ku bar mini, na san dillalan kasuwar dabbobi da ba su buƙatar ko gwaji.