Gida Mai Taya Huɗu

Wani Bature da matarsa ne suka ja mini, a YouTube. Sun sayi tsohuwar motar ɗaukar kaya, suka kafa gado da murhu da wurin wanka a ciki, suka miƙa wa mai gidan haya makullinsa, suka kama hanya. Yau su kwana a bakin teku, gobe a gindin dutse, ba mai yi musu sallama ana shirin sa hannu a tuwo. Na ce in dai ƙarfe da katako ne, mu da muke da Panteka me Bature zai nuna mana?

Wanda bai san Panteka ba sai ya zo Kaduna ya tsaya kusa da Kadpoly ya bi ƙarar guduma. Can ake narka tsohon goran ruwa a zuba tukunya, a ƙera injin niƙa, a haɗa ƙofa da gado da akwatin amarya. In ka kai hoton abu, ba a tambayarka ko zai yiwu, sai dai a ce wane fenti kake so.

Mota kuwa dole Fijo ce, don tun 1975 aka fara harhaɗa Fijo a Kakuri, ƙetaren kogi, kuma ba bakaniken da ke garin nan da bai san cikinta ba. Dillalin da na samu a Kawo ya kai ni gaban wata J5 yana ta kirana Alhaji, ni da ban taɓa wuce ƙofar sansanin alhazai na Mando ba. "Alhaji, injin nan yaro ne, jikin ne kawai ya ga duniya." Duniyar da ta gani ita ce hanyar Legas, da lodin tumatir da attaruhu. Ina buɗe ƙofar baya na yi atishawar da sai da na riƙe hulata. Dillali ya ce alamar alheri ce, ya karɓi la'adarsa.

Na zana tsarin a littafin lissafin 'yata: gado a ƙurya, kicin a gefe, tankin ruwa a ƙarƙashin gado, sola a bisa rufi. Mai walda ya duba, ya ce zai yi mini ƙafar gado da ƙarfen da ake tagar hana ɓarawo, wadda jikokina za su gada. Kafinta ya ce shi ba ya aikin falwaya, madaci zai sa. Ni kuma na riga na sayi durom mai cin lita 200. Bakanike ne ya zauna a kan taya ya yi mana lissafi: kowace lita kilo guda ce, ruwa kaɗai ya kai buhun shinkafa huɗu, ga ƙarfe, ga madaci, ga batir, ga tukunyar gas. "Oga, in ka hau gadar Kawo da wannan kaya, da baya za ka sauko."

Duk wannan uwargida ba ta da labari, don so nake in ba ta mamaki. Ashe ƙawarta ta gan ni a Kasuwar Gumi ina taya katifa da labule. A garin nan kuwa in magidanci ya fara sayen katifa da labule a ɓoye, an san abin da ke tafe. Na dawo gida na tarar da tuwo ba miya. "Maigida, 'yar wace unguwa ce?" Na ce 'yar Faransa ce, kuma ta girme ta a wahala. Sai da na kai ta har gaban motar kafin ta sauko, ta leƙa ciki, ta yi atishawa, ta ce, "To ina kabet ɗina zai zauna? Kuma in baƙi maza sun zo, ina zauren?"

Maganar bayi ce ta kai ni wurin limamin unguwarmu bayan la'asar. Na ce, "Allah gafarta Malam, makewayin da ke juyawa duk inda sitiyari ya juya, yaya batun alƙibla?" Malam ya gyara zama. Ya ce a fili ne aka hana mutum ya fuskance ta ko ya ba ta baya, a cikin gini an yi sauƙi. Sai ya dube ni: "To ita motar taka, gini ce ko fili?" Kafin in amsa ya ƙaro mini wata. Mutumin da ke kwance a kan gadonsa, a cikin ɗakinsa, ga matarsa ga tukunyarsa, amma yana kan hanyar Bauchi, matafiyi ne da zai yi ƙasaru ko mazaunin gida? Ya ce zai duba littafi. Tun ranar, in muka haɗu a sahu, kafaɗarsa nake gani tana rawa.

Aka gama gado da fanka a watan Afrilu, lokacin da Kaduna ke dafa mutum da ransa kafin saukar ruwa. Na ce bari in gwada kwana a ƙofar gida. Bature yakan cusa auduga a bangon motarsa saboda sanyi, ni na ce ba mu da wannan matsala, na bar ƙarfen tsirara. Ƙarfen da ya wuni yana shan rana sai ya kwana yana amayar da ita a kaina, na zama kamar gurasa a tanderu. Tsakar dare batir ya ƙare, fanka ta tsaya. Na buɗe taga, sauron Unguwar Dosa suka shigo ɗaurin aure. Ina cikin tafi ni kaɗai sai na ji an haske ni da tocila, ana dukan bodi da gora. 'Yan sintiri ne. Na fito daga ni sai gajeren wando da filo a hannu. Babbansu ya gane ni, ya sauke gora, ya kawar da kai cikin ladabi ya ce, "Yi haƙuri, Baba. Zaman aure sai haƙuri."

Da safe, ban gama karyawa ba, sai ga dattawan unguwa a zaure, har da mai unguwa, sun zo sulhu. Na rantse ba abin da ya haɗa mu. Suka ce haka ake so, namiji ya rufa wa iyalinsa asiri. Aka kira uwargida bayan labule aka yi mata nasiha mai tsawo kan illar korar miji waje da dare. Ta saurara tsaf, ta ce ta gode, in sha Allahu ba za ta sake ba. Har yau ana gaishe ni a layinmu da wata irin murya mai taushi.

Burina shi ne Yankari, in yi wanka a ruwan ɗumi na Wikki, daga baya in zarce Argungu kallon su. Na kai wa kawuna taswirar, shi da ya tsufa a tuƙin tirela. Ya ce, "Ɗana, Bature yana kwana a daji ne don dajinsu ba kowa. Namu da masu shi. Wasu sai an tare hanya ake kama su, kai za ka kai musu kanka har da katifa da tukunyar gas." Ana cikin haka aka cire tallafin mai a ranar 29 ga Mayu, 2023, litar da ba ta kai naira 200 ba ta haura 500 cikin 'yan kwanaki, J5 kuwa ba ta san azumi ba.

Mota dai ba ta rasa aiki ba. Ta kai jeren amare Malali da Badarawa, ta ɗauko ragunan layyar rabin layinmu daga Zango, ɗaya ya ci labulen. Ba mai biyan kuɗin mai, sai "Allah ya saka da alheri." Da ƙanin uwargida ya samu gurbi a jami'ar KASU bai samu ɗaki ba, ba wanda ya nemi shawarata, na dawo aiki na ga takalmansa a bakin ƙofar baya. Yanzu yana cajin waya da solata, yana karɓar kuɗi. Shekaranjiya surukata ta aiko a gaishe ni, ta ce ɗan ƙanwarta ma ya ci jarrabawa, kuma ta ji an ce gadon na mutum biyu ne.