Zuwa da Kai Ya Fi Aike? To Alhaji, Hau Rufin Mu Gani

Na san ku sarai. Tun ban rufe bakina ba kun taɓe naku. Wai mutum zai kama hayar sito a Sharaɗa, ko ya sayi tsohuwar masana'anta a Bompai, duk a nan Kano, kuɗi ba na wasa ba, sannan a ce ya tura wani ya dubo masa? Ga Alhaji can ya turo hula gaba yana cewa wannan ai cinikin biri a sama ne. Malam ya zaro karin magana daga aljihu: zuwa da kai ya fi aike. Hajiya kuwa, da take juya kasuwancinta daga Jidda, ta ce ita ko turmin atamfa ba ta yarda a zaɓo mata, balle gini. Madalla da ku. A ba kowa ruwa ya sha, mu bi abin daki-daki.

Alhaji, da kai zan fara, tunda muryarka ta fi ta kowa tashi. Ranar ɗaurin aurenka, wa ya karɓa maka? Kana can bayan rumfa cikin babbar riga, abokai na yi maka fifita, baffanka ne ya zauna gaban waliyyi ya nema, aka ba shi, ya miƙa sadaki. Ko uffan ba ka ce ba. Na ji ka, ka ce ai ka ga yarinyar tukuna. Ka gan ta mana, har ka kasa cin tuwo. Amma binciken asali da hali wa ya yi? Manya ne suka tura a tambayo unguwa, don sun san idon mai so ba ya ganin aibi. Yau ga 'ya'ya har da jikoki, ban ji ka kai ƙara ba. Sai da aka zo kan ɗakin ajiye buhunan shinkafa ka tuna cewa duk duniya babu idon da ya kai naka.

Kasuwancin Kanon da kake bugun ƙirji da shi ma, da aike aka gina shi. Jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911, cinikin gyaɗa ya buɗe. Alhaji Alhassan Dantata, wanda ya rasu a 1955, bai taka kowace kasuwar ƙauye da ƙafarsa ba. Yaransa da wakilansa ne suka bazu suna awo suna saye. Har gobe ɗan Kantin Kwari na zaune a shagonsa, wani yana can Dubai ko Chaina yana duba masa kaya kafin a rufe kwantena. Da kowa sai ya je da kansa, da kasuwar ta tashi tun tuni.

Malam, Allah ya gafarta, kai kam bai kamata mu yi jayayya ba, littafin yana kan buzunka. Wakilci halal ne, kuma ka fi ni sanin labarin Urwatul Bariƙi da ke cikin Bukhari, wanda Annabi (SAW) ya ba shi dinari ya sayo akuya, ya dawo da akuyar da kuma dinarin. Risala ta Ibn Abi Zaid, wadda ka karantar da almajirai ba adadi, ta halatta sayar da abin da ba ya gaban mutum bisa siffantawa, ta kuma ambaci gida da ƙasa cikin abubuwan da ba sa saurin canjawa. Malaman Malikiyya sun fi natsuwa idan mai siffantawar ba shi ne mai sayarwar ba. Ka ga ke nan sun riga mu gano inda gizo ke saƙa: matsalar ba aiken ba ce, wanda aka aika ne.

Yanzu ku biyo ni Sharaɗa in nuna muku yadda mai kuɗi ke duba gini. Mota ta tsaya bayan azahar. Dillali ya rugo ya buɗe ƙofa, an share harabar, ƙyauren ƙarfen yana ƙamshin sabon fenti. Alhaji ya shiga tsakiyar siton, ya harɗe hannu a baya, ya yi gyaran murya ya ji amsa-kuwwa, ya ce, "Masha Allah, akwai girma. Tirela nawa zai ci?" Dillali ya faɗi abin da ya zo bakinsa. Zafi ya fara dukan Alhaji, waya ta yi ƙara, ya koma cikin sanyin mota. An gama dubawa ke nan. Gobe a majalisa zai ce ai shi da idonsa ya gani.

To ga wanda nake so ka tura, mutumin da ya ci shekaru yana gyaran irin waɗannan gine-gine. Shi da ya shiga cewa zai yi a rufe ƙofofi duka, ya ɗaga kai. Da tsakar rana, duk hudar da ke jikin kwano za ta tona kanta da ɗigon haske. Sai ya sunkuya ya bi gindin bango yana neman layin da ruwa ya taɓa kwantawa ya bari, ya kankare sabon fentin da ɗan makulli ya ga abin da ke ƙasa. Ya ƙwanƙwasa daɓe ya ji inda ya yi kogo. Ya buɗe akwatin wuta ya ga ko wayoyin na nan ko ɓarayi sun zare tagullar sun bar bututu fanko. Ya zagaya baya ya ga taransifoma ce a tsaye ko dakalinta kaɗai ya rage. Ya ce a kunna rijiyar burtsatse, ya tsaya har ruwan ya zubo, ya shinshina. Sannan ya ɗauko tsani. Alhaji, tsakani da Allah, yaushe rabonka da hawa tsani?

Kada ku ce na cika tsanani. Yawancin gine-ginen nan sun kwana biyu. Bompai tun zamanin Turawa aka fara kafa masana'antu a cikinta, Sharaɗa da Challawa suka biyo baya. Daga 1986, da aka shigo da tsarin gyaran tattalin arziki na SAP darajar Naira ta faɗi, ga matsalar wuta, ga kayan waje masu araha, masana'antu da dama suka rufe, wasu aka mayar da su wuraren ajiya. Ginin da ya daɗe a kulle yana da ciwon da ba ya nunawa ranar da aka yi masa kwalliya. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo, amma mai ɗakin da ke neman mai saye ba zai nuna maka ba.

Kowace unguwa kuma da irin tambayarta. Bompai gari ya riga ya kewaye ta, don haka wakilinka ya tafi da direban tirela na gaske, ya ce masa, "Za ka iya shiga ka juya a nan da safiyar Litinin?" Sharaɗa kashi uku ce, ta ɗaya da ta biyu da ta uku, kuma gidajen jama'a sun matso jikin masana'antu, wanda zai kunna inji mai ƙara dare da rana gara ya san su wa ke kwana a bayan katangarsa. Challawa, can Ƙaramar Hukumar Kumbotso, ga ta kusa da tashar tsandauri ta Dala da ke Zawaciki, wadda aka buɗe a Janairun 2023, abin da zai faranta ran mai shigo da kwantena. Amma nan ne matattarar manyan majemu. In fulawa za ka ajiye ko ruwan leda za ka ɗura, sai an san wane ne maƙwabci da kuma inda iska ke kaɗowa. Sai magudanan ruwa: na Bompai suna gangarawa rafin Getsi zuwa Jakara, na Sharaɗa suna bin Salanta zuwa kogin Challawa. Kwatar da ta toshe a hanya, cikin harabar wani take amayarwa, kuma a watan Agusta ake gane ko harabar wa ce.

Ga batun wuta, wanda shi ne ran masana'anta. Tun Nuwamban 2013 KEDCO ke raba lantarki a Kano, Katsina da Jigawa. A Afrilun 2024 aka ɗaga kuɗin wutar rukunin Band A zuwa Naira 225 kowane yunit, bisa alkawarin aƙalla awa 20 a rana. Dillali zai ce maka, "Ai nan wuta ba ta ɗaukewa, Alhaji." Wakilin kirki ba zai yi musu da shi ba. Zai rubuto lambar mita, ya gano layin da ginin yake kai, ya binciko ko akwai tsohon bashi don a san mai biya kafin a sa hannu. Daga nan ya je teburin mai shayin bakin titi ya zauna da maigadin maƙwabta. A nan zai ji awa nawa janaretocin layin ke kwana suna shan dizal, da dalilin da ya sa ɗan hayar baya ya kwashe kayansa. Kai da ka zo da direba da ƙamshin turare, maigadi "Ranka ya daɗe, lafiya lau" kawai zai ce maka.

Akwai kuma abin da ko ka kwana a cikin ginin ba za ka gani ba, wato takarda. Dokar amfani da ƙasa ta 1978 ta damƙa ƙasar jiha a hannun gwamna, kuma mai takardar shaidar mallaka ba ya mayar da ita sunan wani sai da amincewar gwamna. Lauya ne zai je KANGIS, hukumar adana bayanan filaye ta Kano, ya binciko sunan da ke kan fayil, ya ga ko an jinginar da wurin a banki, ko akwai kuɗin ƙasa da ya taru. Tun 2010 da aka kafa AMCON, hukumar da ke karɓar basussukan banki da suka gagara biya, kadarorin kamfanoni masu bashi da yawa sun koma hannunta. In ginin na kamfani ne, sai an duba a hukumar rajistar kamfanoni ko mai cewa zai sayar yana da hurumin sayarwa. In na gado ne, sai an ji bakin magada duka, har da wadda take aure a Maraɗi. In kuma so kake ka mayar da masana'anta rukunin shaguna, hukumar tsara birane ta KNUPDA na jiranka. Duk wannan wakilci ne, Alhaji, sai dai in dare ɗaya ka zama lauya ba mu ji ba.

Hajiya, na ga kin ɗaga hannu tun ɗazu. Kin ce idan dillali ya saye wakilin fa? Nan kam kin taɓa inda ke ciwo, kuma ba zan yi miki gardama ba. Ana yi. Amma maganinsa ba tikitin jirgi ba ne, don ke ma in kin zo sabon fentin nan za ki gani. Dillali ba ya cin la'ada sai ciniki ya faɗa, saboda haka duk wanda abincinsa ke rataye da faɗuwar cinikin ba idonki ba ne, ko da ɗan ɗakinku ne. Ki yanka wa wakilinki ladansa tun farko, ya san ko ya ce a saya ko ya ce a gudu, kuɗinsa ɗaya ne. Ki ba shi tambayoyi a rubuce, ya dawo da amsa a rubuce, kada ya zo miki da "wallahi wurin ya yi". Ya je ranar da aka sa masa, ya sake komawa ranar da ba a zata ba, in da hali bayan an ɗauke ruwan sama. Ki tura wani na biyu wanda bai san na farko ba, ki gwama bayanansu. Kuma aikinsa gani ne kawai: ko kafin alƙalami kada ya fita ta hannunsa. Kuɗi ta banki za su bi, zuwa sunan da lauya ya tabbatar.

Ku kuma samarin zamani da ke dariya a gefe, kuna cewa duk wannan wahalar ta mece ce, ai sai a yi kiran bidiyo ta WhatsApp, ku ne kuka fi ba ni tausayi. Wayar a hannun wa take? Kun taɓa ganin kyamarar dillali ta kalli sama? Tana zuwa kusurwar da bango ya tsage sai ku ji, "Alhaji ƙarami, sabis ba kyau a nan." Kuma har yau ba a ƙera wayar da ke kawo wari ba. Abokan wasana Zazzagawa kuwa, ku dai ku turo wakili ko ba don komai ba, kada mu wayi gari ana cigiyarku tsakanin Sharaɗa ta ɗaya da ta uku.

Ban hana kowa zuwa ba. In an gama bincike, rufi ya amsa, takarda ta amsa, ka zo ka zagaya, ka yi addu'a, ka sa hannu da kanka. Abin da na ƙi shi ne ka ɗauki zagayen nan naka a matsayin bincike.

Saura magana ɗaya, kuma na san ita ce ainihin abin da ke cin ranku, kuna ɓoyewa a bayan karin magana: biyan wakilin. Mutum zai zuba miliyoyi a gini bai ji komai ba, amma wanda ya hau masa rufi cikin rana, ya leƙa kwata, ya sha shayin da bai yi niyya ba, sai a sallame shi da kuɗin Adaidaita Sahu da "Allah ya yi albarka". Albarka na da kyau, Alhaji, amma ba a cefane da ita. Wanda ka ba kuɗin Adaidaita, dillali na iya ba shi kuɗin babur sukutum. Kai za ka zaɓa masa ubangidan da zai yi wa aiki.