Ni da Shafin Ƙarshe

Wani kuɗi ne ba ya kwana a hannunsa, wani kuma magana ce ba ta kwana a cikinsa. Ni abin da ya gagare ni shi ne in bar shafin ƙarshe na littafi ya zauna lafiya har in iso shi. Da zarar an tsinci gawa a babi na uku, yatsana ya fara ƙaiƙayi. Sai in waiga hagu da dama, in buɗe bayan littafin, in ga wanda ya yi kisan, in dawo in ci gaba da karatu da fuskar salihai.

Wadda na fi zalunta ita ce Agatha Christie, baturiyar Ingila da aka haifa a 1890, ta rasu a 1976, ta bar littattafan binciken kisa 66. Matar nan a ɗakin haɗa magunguna ta yi aiki lokacin Yaƙin Duniya na Ɗaya, a can ta san guba ciki da bai. Takan yi wata da watanni tana ƙulla zare, ta ɓoye hujja a agogon da ya tsaya ko a baƙin kofi, don jami'inta Poirot, ɗan Beljiyam mai murɗaɗɗen gashin baki, ya tara jama'a a falo ya warware musu a tsanake. Ni kuwa in tsinke zaren tun motarmu ba ta bar Suleja ba.

Ba rashin lokaci ba ne. Duk mai zuwa aiki Abuja daga nan ya san cunkoson Madalla zuwa Zuba yakan ishi mutum ya sauke littafi. A cikinsa na karanta Murder on the Orient Express na 1934, inda ƙanƙara ta tsare jirgin ƙasa a Yugoslabiya, aka wayi gari an daɓa wa wani fasinja wuƙa sau 12. Su a tsaye, mu a tsaye, ga Dutsen Zuma ta taga. An ce mai haƙuri yakan dafa dutse ya sha romo. Ni ko ruwan ban taɓa jira ya tafasa ba.

Da a leƙen abin ya tsaya, da da sauƙi. Sai in ara wa aboki littafi, bayan kwana biyu in tare shi a ƙofar masallaci: "Alhaji, ka dai sa ido a kan likitan nan." In ya gama ya dawo yana jinjina mini, in sunkuyar da kai in ce baiwa ce daga Allah. Uwargida ce kaɗai ba ta saya ba. "Malam," in ji ta, "basirar taka ai a yatsa take."

A Landan ana nuna wasan kwaikwayon Christie mai suna The Mousetrap tun 1952, kuma kullum in an tashi sai a roƙi 'yan kallo su rufa asirin ƙarshensa. Allah ya taimake su ban taɓa samun biza ba. Mu da muka ɗauki sunan garinmu, Abuja, muka miƙa wa sabon babban birni, muka koma amsa Suleja albarkacin Sarki Sulaimanu Barau, sunan wani mai kisa ne zai gagare ni bayarwa? Marubutan Kano ne suka san maganina: su fitar da littafi na ɗaya da na biyu, na uku kuwa yana maɗaba'a, sai ka leƙa mu gani.

Alhaki ya kama ni a kan And Then There Were None na 1939. Mutum goma aka yaudara zuwa wani tsibiri, suna mutuwa ɗaya bayan ɗaya har ba wanda ya saura, 'yan sanda suka rasa bakin zaren. Amsar tana cikin wata wasiƙa da aka cusa a kwalba aka jefa teku, masunta suka tsinta. Na saye shi gwanjo a bakin kasuwa, na kai hannu baya yadda na saba, sai na tarar ya ƙare a tsakiyar jimla. Wasiƙar ƙila ƙosai aka naɗe da ita. Dole na karanta shi irin na mutanen kirki, duk wanda na zarga sai ya mutu a babi na gaba. Ban taɓa jin daɗin littafi haka ba, kuma ina ajiye shi na ɗauki waya na tambayi intanet.

Tun daga ranar, kafin in biya sai na buɗe shafin ƙarshe a gaban mai littattafan, in karanta shi tsaf. In ya ce, "Yallaɓai, lafiya?" in ce ina duba ne ko ya cika.