Sobolon Aboabo da Fatawar Hanyar Salaga

A lokacin da na yi tafiyar nan, wanda zai shiga jirgin ruwan Yapei Queen daga Tamale, tafiya biyu ce a gabansa, kuma ta farkon ta fi cin rai. Jirgin a Yeji yake tsayawa, ƙetaren tafkin Volta, wanda madatsar Akosombo ta haifar bayan an gama ta a 1965. Sai ka bi ta Salaga, ka gangara Makango, ka haye ruwa, sannan a fara maganar tikiti.

Surukina, wanda ya taɓa yin tafiyar, shi ya ɗora ni a hanya. Ya ce tafiyar jirgin ta wuce yini da kwana, abin sha a ruwa tsada gare shi, mai hankali da guzurinsa yake shiga. Wasu fasinjoji, in ji shi, kwalaben giya suke saye tun a gari. Ni da ba ruwana da wannan sai na nufi kasuwar Aboabo da yamma, wurin wata Iya mai sobolo, zoɓon nan namu na Gana. Ta cika mini jarka har wuya, mai citta da kanumfari da ɓawon abarba, sukari kuwa ba ta yi rowarsa ba.

"Ɗana, ka sa shi a firji," ta ce.

Firjin gida cike yake da naman suna. Jarka ta kwana a zaure.

Da asuba na hau yalo-yalo, keken nan mai ƙafa uku, zuwa tasha. Motar haya ba agogo take bi ba, kujeru take ƙirga, don haka sai da hantsi ya dubi ludayi muka ɗaga. Yaron mota ya cusa jarkata ƙarƙashin kujerar da ke kan inji, wai nan ce ba za ta faɗi ba. Watan Maris ne. Wanda ya san Tamale a Maris ba ya bukatar ƙarin bayani.

Kusa da ni wani Malami ne dattijo, farar riga sol, carbi a hannu. Tun daga hanya yake ba ni tarihin Salaga: fataken Kano da Katsina masu zuwa Gwanja sayen goro, rijiyoyin garin, yaƙin basasar 1892 da ya watsa kasuwar, da Alhaji Umaru da ya bar ta ya koma Kete Krachi. Yana cikin wannan ne wani abu ya fara tsaki a ƙarƙashinmu. Wata mata ta ɗage ƙafa tana salati, ta ɗauka maciji ne. Na leƙa. Jarka ta kumbura kamar cikin ɗan maraƙin da ya yi ɓarna a rumbu, kumfa tana tsattsafowa ta gefen murfi.

Malam ya sunkuya, ya shinshina, ya ɗago a hankali.

"Samari, mene ne wannan?"

"Sobolo ne, Allah gafarta Malam."

"Jiya ke nan."

Nan mota ta zama makaranta. Malam ya warware mana cewa jiƙo halal ne muddin bai kai ga sa maye ba. In ya kai, shansa haram, sayar da shi haram. Amma in ya zarce da kansa ya zama khal, ruwan tsamin nan, ya dawo halal. Wato jarkata ta baro halal, tana kan hanyar wani halal, kuma ba wanda ya san a wane zango take. Direba ya ce a zubar. Matar nan ta ce asarar sukari. Wani ɗan kasuwar doya ya nemi ya ɗanɗana don ya raba gardama, Malam ya harare shi.

A Makango mun tarar babban jirgin fito ya haye, sai kwalekwale mai inji. Na rungume jarka a cinya. Muna tsakiyar ruwa, inda kututturan itatuwan da tafki ya cinye suke leƙowa, matuƙi ya kauce wa ɗaya da ƙarfi. Murfi ya tashi da ƙara. Jan ruwa ya yi sama, ya sauko a kan farar rigar Malam tun daga wuya har aljihu. Fasinjojin baya suka fara kalmar shahada, sun zaci harbi ne.

A bakin ruwan Yeji leburori suna ta lodin doya, suka tsaya suna kallon Malami jina-jina yana warin abarba. Ɗaya daga cikinsu, wanda daga gani ya san pito, giyar gargajiya, farin sani, ya karɓi ragowar jarkar ya kurɓa, ya juya shi a baki, ya tofar.

"Wannan ko kaza ba zai bugar ba."

Malam ya ce alhamdu lillahi, ashe rigarsa ba ta ɗauki najasa ba, sallarsa ta la'asar tana nan. Sannan ya miƙo mini hannu, ya faɗi kuɗin sabulu.