Labarin da Baba Ya Zo da Shi Daga Jidda

Bayan ruwan ƙarshen Agustan 2024, wanda ya kwantar da gidaje a jihar Maradi har gwamnati ta ɗage komawa makaranta zuwa 28 ga Oktoba, wata tawaga ta zo garinmu da ke bakin Gulbin Maradi, a yankin Gidan Runji. Sun zo da shinkafa da barguna da gidan sauro. Aka yi shimfiɗa a ƙofar maigari. Waɗanda ɗakunansu suka faɗi suka zauna gefe guda, akasarinsu mutanen sabuwar unguwa, wadda aka yanka filayenta a cikin kwari. Wanda ya yanka ya sayar yana kujerar gaba cikin babbar riga.

Shugaban tawaga ya ce canjin yanayi ne, ya shafi duniya baki ɗaya, a yi haƙuri. Bai yi ƙarya ba. Mu ma mun ga ruwan da a da yakan ɗauki makonni yana sauka, yanzu sai ya zube a dare ɗaya.

Sai wani tsoho da kowa ke kira Baba ya gyara zama, ya dubi maigari.

"Ranka ya daɗe, a ba ni izini in ba baƙinmu labari. Ba na garin nan ba ne."

Baba ya daɗe a Jidda yana dako a wani kanti, tare da wani mutumin Bangaladash. Ya ce ƙasarsu shimfiɗe take kamar faifai, a inda manyan koguna uku, Ganjis da Barahmaputara da Megna, suke haɗuwa su faɗa teku. Alƙaluman da zan sa a nan ni na nemo su daga baya, don Baba da "mutane tuli" yake ƙirga. Nijar ta ninka ƙasar sau takwas a faɗi, amma mutanen Bangaladash sun haura miliyan 160. A 1970, tun ana kiranta Pakistan ta Gabas, guguwa ta turo teku cikin ƙasa ta kashe aƙalla mutum 300,000. Masu mulki suna nesa, agaji ya yi jinkiri, zukata suka ƙara ɓaci, a 1971 ƙasar ta ɓalle. A 1991 wata guguwar ta ci kusan 138,000. Amma da babbar guguwar 2007 ta zo, waɗanda hukuma ta ƙirga ba su kai 4,000 ba.

"Na ce masa, ɗan'uwa, tekun ne ya yi sanyi? Ya ce a'a, mu ne muka daina jira sai an mutu a zo ta'aziyya."

Baba ya shiga lissafa abin da abokin nasa ya gaya masa, yana kwatantawa da hannu. An gina makarantu a kan ginshiƙan kankare, kullum yara na karatu a ciki, ranar guguwa gari duka ya hau sama. Akwai samari da mata 'yan sa-kai masu tuta da lasifika, da zarar an sanar za su bi gida-gida, kan keke ko a ƙafa. Inda ruwa ke kwanciya wata da watanni, sukan tara ciyawar ruwa mai kama da kainuwa, su yi mata tsibi tana yawo a kan ruwa, su shuka kuɓewa da kabewa a kai. Wanda zai gina ɗaki kuwa, sai ya fara haƙo ƙasa kwando-kwando ya tara tudu, sannan ya ɗora gini.

Nan Baba ya ɗan yi shiru.

"Sai ya tambaye ni, ku a ƙasarku akwai tudu? Na ce akwai, har ido ya gaji. Ya ce, to ku ruwa ba zai ci muku gida ba ke nan, tunda ba wanda zai bar tudun da Allah ya tara masa ya sauka kwari. Yallaɓai, na rasa abin da zan ce masa, sai na ɗauki buhuna na wuce."

Ba wanda ya yi tari. Duk mai furfura a wurin ya san abin da iyaye suka ba da labari, cewa a 1945 gulbin nan ya ci tsohon birnin Maradi da Tibirin Gobir, aka kwashi jama'a aka hau tudu. Ba su da rediyo, ba su da salula, ruwa ya yi musu magana sau ɗaya suka ji. Tun da aka tare ruwa a Jibiya gulbi ya rage cika, har wasu suka ɗauka ya yi ƙaura ne ya bar musu gado. Haka nake ji daga 'yan'uwa a Gazawa da Agye, inda Gulbin Kaba ya ratsa: hanyar ruwa ta bushe shekaru, sai a fara auna ta da igiya. Alhali a Agyen nan ne mutanen Ɗan Saga suka kafa kwamiti mai tsaron toho a gonaki, sassaben zamani ya mayar musu da gawo da kalgo masu riƙe ƙasa su rage wa ruwa gudu. Dabarar ba sai an je Jidda ba.

Baba ya ce, "Iyakar labarina ke nan, ranka ya daɗe. Allah ya saka wa baƙinmu da alheri."

Aka shafa Fatiha, aka raba shinkafa, aka ɗauki hoto. Mai babbar riga ya riga kowa tashi.

Jiya na bi ta kwarin. Ƙasa da inda ɗakunan suka faɗi an kafa sababbin turaku masu jan fenti a kai, na ƙirga jeri uku. Saura wata huɗu damina ta faɗi.