Deya, Ƙauyen da Talauci Ya Yi Tsada

Gaishe ki Deya, sarauniyar ƙauyuka, amaryar duwatsun Tramuntana, abin alfaharin tsibirin Mayorka! Wanda bai taka ƙasarki ba bai san yadda ake talauci cikin ƙasaita ba.

Ƙauye ne na gidajen dutse a ƙasar Sifen, mutanensa ba su kai dubu ba, ya ɗare kan tudu yana hangen Bahar Rum. Manoman zaitun da masunta ne suka kafa shi. Sun sassaƙe gangaren dutse hawa-hawa, suna ban-ruwa da dabarun da aka gada tun zamanin mulkin Musulmi, kafin Sarki Jaume na Ɗaya ya ci tsibirin a 1229. Bayin Allah, ɗaruruwan shekaru suna ta wannan wahala, ko kusa ba su san abin sha'awa suke yi ba, sai da Allah ya jefo musu baƙi masu ido.

Madugun baƙin shi ne marubucin Ingila Robert Graves, wanda ya sauka a 1929 saboda wurin shiru ne, ga araha. A nan ya rubuta littafinsa kan Kalaudiyas sarkin Rum, wanda ya fito a 1934, don ya samu abin biyan bashi. Yaƙin basasar Sifen ya kore shi a 1936, ya dawo a 1946, ya rasu a 1985, kabarinsa na nan kusa da cocin kan tudu. Masu zane da makaɗa suka biyo sawunsa, 'yan ba-ruwanmu da abin duniya, masu dogon gashi da gajeren aljihu. Su kuwa attajirai, da yake masu tausayi ne, suka ga bai dace a bar masu fasaha su yi ta fama da araha su kaɗai ba. Suka zo suka raba su da ita har abada. A 1987 attajiri Richard Branson ya sayi otal ɗin La Residencia da ke ƙauyen. Gidan Graves kuma ya zama gidan tarihi a 2006, inda ake yankar tikiti a shiga cikin jama'a a kalli teburin mutumin da ya gudo daga jama'a. Wace karramawa ta wuce wannan?

Amma tawali'un mutanen wurin shi ne abin da ya fi ratsa zuciya. Dubi mai gida uku a ƙasashe uku, ga shi tafe cikin yamutsattsiyar riga, da malafa, da kwandon kaba a kafaɗa, kai ka rantse almajiri ne ya fito bara. Kuɗin rigar kaɗai zai ciyar da iyali wata guda, amma saboda gudun duniya ko guga bai yarda an yi mata ba. Yakan zauna a inuwa, kofi a gabansa, littafin rubutu a buɗe, yana jiran ilhama. Ilhamar takan yi jinkiri, shi kuwa gwarzon haƙuri ne, shafin nan fari fat zai koma da shi gida ba tare da ya ɓata shi da ko harafi ɗaya ba.

Titi ɗaya ne siriri ya ratsa garin, makarantar koyon juriya, inda motocin haya ke jeruwa kowa ya samu damar yin tafakkuri. Bakin tekun kuma Allah ya tsarkake shi daga laushin yashi, duwatsu ne zalla. Tun da aka ɗauki wani ɓangare na shirin talabijin The Night Manager na 2016 a wurin, masu neman kaɗaici ke zuwa gungu-gungu, kowa na ɗaukar hoton kaɗaicinsa a hankali kada ƙafar maƙwabci ta shiga.

'Yan asalin gari kuwa su suka fi kowa cin moriya. Gida ya kai miliyoyin yuro, saboda haka an 'yantar da matasa daga nauyin zama kusa da iyayensu. Sun samu ci gaba zuwa gidajen haya a wasu garuruwa, kuma don karamci ana barinsu su shigo da safe su gyara gadaje a unguwar kakanninsu. Da sanyi ya kama sai a kulle gidajen, masu su su koma Landan ko Jamus, titi ya huta da hayaniyar yara. Da bazara ruwa kan yi ƙaranci har hukuma ta taƙaita amfani da shi, amma a ƙauyen da ke da tafkunan wanka shuɗaye a bayan katanga, wa zai yi kukan ƙishirwa in ba mai neman magana ba? A 2011 UNESCO ta sanya duwatsun Tramuntana cikin kayan tarihin duniya saboda aikin hannun manoman nan. An karrama katangun da suka gina, kuma an yi dace ba su buƙatar wurin kwana.

Duk da wannan ni'ima, a 2024 dubban mutanen tsibirin suka cika titunan Palma, babban birnin tsibirin, suna zanga-zanga, wai 'yan yawon buɗe ido sun yi yawa, wai haya ta gagare su. Butulci ke nan. Baƙin kuwa, masu yafiya, ko fushi ba su yi ba. Wasu ma har hoton masu zanga-zangar suka ɗauka.