Mahawa Dutsen Patscherkofel Bayan Narkewar Ƙanƙara

Idan ƙanƙara ta narke a kan Patscherkofel, dutsen nan da ke kudu da birnin Innsbruck na ƙasar Ostiriya, kuma masu zamiya suka jingine katakansu sai baɗi, sai hanyoyin da aka share domin tsere su koma makiyaya, shanu su hau da ƙararrawa a wuya, sa'an nan wata al'umma dabam ta taso daga ƙauyen Igls tana neman ƙololuwa da ƙafa, alhali kuwa tsayin dutsen mita 2,246 ne, ga kuma keken igiya nan mai kai mutum kusa da ƙarshe yana zaune.

Na farkonsu shi ne mai kaya, wanda ya yi guzurin wata guda domin tafiyar wuni, da sanduna biyu da jaka mai aljihu barkatai. Ba ya kai rabin hanya. Akwai mai gudu, wanda zai wuce ka yana hawa, ya sake wuce ka yana sauka, yana duban agogo kamar ana binsa bashi. Akwai kuma mai keken lantarki, wanda injin ke yi wa aiki amma yake ɓata fuska don a ce ya wahala; wannan kam riya ce tsantsa, sai dai riya marar cutarwa.

Amma wanda ya fi zama mini jarrabawa, kuma na fi ƙauna, shi ne dattijon nan marawaicin tseren zamiya da aka yi a dutsen a 1976. Ba mutum ɗaya ba ne, ɗabaƙa ce guda, kowace kwana ta hanya da nata. Da zarar ya ga baƙo ya tsaya, sai ya matso da fara'a, ya nuna wani gangare da ba kome a kansa sai ciyawa da kashin shanu, ya ce a nan ne Franz Klammer, cikin rigarsa rawaya, ya kusa kifewa ranar 5 ga Fabrairu, ya miƙe, ya kayar da Bernhard Russi na Suwizalan da abin da bai wuce sulusin daƙiƙa ba. Klammer ya gama gudunsa cikin ƙasa da minti biyu, amma sharhin dattijo ba ya ƙarewa cikin sa'a, domin kuwa kowace ruwaya tana zuwa da isnadinta: daga ƙanin babansa, daga maƙwabcinsa, daga wani da ya tsaya a bakin shinge ran nan. Yakan durƙusa ya kwaikwayi karkatar gwanin, gwiwoyinsa na ƙara, har ka ji tsoron kai za ka ɗauke shi zuwa gida. In ka ce, “Baba, rana tana yi,” sai ya ce ai ma bai zo kan Egon Zimmermann, gwanin tseren 1964, ba, wanda shi ne asalin mas'alar.

Dattijon nan kuwa ba ya samun ganima sai a cikin wata ƙungiya ta masu tadabburi, waɗanda kan tsaya bayan kowane taki hamsin su fuskanci kwarin kogin Inn, hannu a ƙugu, suna tasbihi ga ikon Mahalicci, har numfashi ya komo. Ba zan tsananta musu ba, don na san halinsu ta ciki, kuma shaidata ita ce kwarin ya cancanci kallo.

Sai mai kare, wanda a kansa wasa ya ƙare. Shi ne zai kwance igiya a tsakiyar garke, karensa ya tasam ma maruƙa da haushi, shi kuwa yana murmushi yana cewa wasa kawai yake so. Yaron Fulani ɗan shekara bakwai ya san abin da saniya mai shayarwa ke yi in ta ga kare, amma wannan baligi mai digiri bai sani ba, ko kuwa ya sani bai kula ba, wanda ya fi muni. A 2014 shanu sun kashe wata Bajamushiya a kwarin Pinnis, nan cikin jihar Tirol, alhali ma ita karenta a ɗaure yake. Da kotu ta ɗora wa mai shanun diyya a 2019, manoma suka yi barazanar rufe makiyayansu ga kowa, har sai da hukuma ta gyara doka ta kuma fitar da ƙa'idoji goma na tafiya cikin dabbobi. Alluna suna nan a bakin ƙofofin shinge, da rubutu da zane domin wanda ba ya jin Jamusanci, amma mutumin yakan wuce su kansa a sunkuye kan waya, ya bar ƙofar a buɗe, mu da ke tafe a baya mu tarar da uwar garke ta riga ta fusata.